Surukina da Kwamfutocin Ɗakin Baya

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Surukina, mahaifin maigidana, ya rasu a ƙarshen damina a gidansa da ke Azare, bayan gajeruwar jinya. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma zan fara yanzu ba. Baba nake ce masa, mutanen gari kuma Malam.

A zaman makoki ina cikin gida tare da mata, ina kai ruwa ina kwashe kwanuka. Goggo, ƙanwarsa da ta zo daga Katagum, ba ta cewa komai sai "Yayana, yayana," tana share hawaye da bakin mayafi. Wata dattijuwa ta zo tun daga Gololo da ɗanta magidanci, ta ce a gaya wa iyalin Malam wannan ne jaririn da Malam ya zauna a kansa har zazzaɓi ya sauka. Can sai wata maƙwabciya ta ce, "Ai an ce da injinsa Turawa suka gano maganin zazzaɓi." Wata ta karɓe ta ce ita ma ta ji, har wai an aiko ana yi masa godiya. Duk suka juyo gare ni, don sun san ni ce ke koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata. "Ko ba haka ba, Malama?"

Na sunkuyar da kai, kunya ta rufe ni. In na ce haka ne, na yi masa ƙarya. In na ce ba haka ba ne, sai a ga suruka tana rage wa surukinta daraja tun ƙasarsa ba ta bushe ba. Inna, matarsa, tana zaune a kan tabarmar takaba, ita ta fitar da ni. Ta ce, "Ba a gano komai ba tukuna. Ya taimaka da ɗan abin da ya iya, wani ya yi amfani, wani ya lalace. Kada ku ɗora masa abin da shi da kansa ya sauke."

Wannan ne ya sa na zauna rubutun nan. In aka bar maganar a bakin mutane, wasu za su mai da shi mai abin al'ajabi, wasu kuma su ce tsoho ne da ya rasa abin yi. Ni na ga abin da ya faru.

Baba malamin asibiti ne. Ya yi aiki a ƙananan ɗakunan shan magani na Itas da Gololo da Giade har ya yi ritaya. Duk yaron da ya zo gaishe shi, kafin ya amsa sai ya ɗora masa bayan hannu a goshi. Jikokinsa har sun saba, da sun durƙusa sai su miƙo goshi da kansu. Yana da kalma ɗaya da ba ta barin bakinsa. In ka ce masa an kulle ƙofa, ko akwai mai a babur, ko wane ya warke, sai ya ce, "An duba?" Ba ya son damina. Manoma suna murna da hadari, shi kuwa sai ya dubi sama ya ce yara za su fara kwanciya.

Ni da shi akwai kunya irin ta surukai. In na zo gaisuwa, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina a ƙasa. Shi ma bai taɓa duban fuskata ba. In yana da magana da ni, Inna yake gaya wa, ko da ina zaune a wurin.

A shekarun da wayar hannu da intanet suka fara bazuwa a Azare, Baffa, ƙanin Baba, ya buɗe shagon intanet kusa da kasuwa. Da ya sayo sababbin kwamfutoci, sai ya jibge tsofaffi guda uku a ɗakin baya na shagon. A lokacin ne na karanta labarin wasu masu bincike a ƙasar waje da ke nazarin yadda zazzaɓin cizon sauro ke yaɗuwa. Lissafin ya fi ƙarfin injunansu, shi ya sa suke roƙon duk mai kwamfuta ya ba da aronta kyauta. Na ba maigidana labari muna cin abinci, shi kuma ya kai wa mahaifinsa a matsayin abin mamaki. Washegari aka ce Inna tana nemana.

Na same su a tsakar gida. Baba yana kan kujerarsa ya ba ni gefe, Inna tana tsince wake. Ya ce, "Hajiya, tambayi Malama, wane irin lissafi ne?"

Na ce, "Inna, gari suke ƙirƙira a cikin kwamfuta, da mutanensa da sauronsa. Sai su gwada: in an raba gidan sauro me zai faru, in an kawo magani da wuri yara nawa za su tsira. Suna gwadawa ta hanyoyi masu yawan gaske. Sai su gutsura aikin, su aika wa kowa ɗan kaɗan, in kwamfutarsa ta gama ta mayar musu."

Inna ta juya ta ce, "To, ka ji."

"Tambaye ta, biya ake yi?"

"Inna, ba a biya. Maki kawai suke rubuta wa mutum, ya san aikinsa ya shiga."

"Tambaye ta, tsohuwar kwamfuta tana iyawa?"

Inna ta ajiye faifan wake ta ce, "Ikon Allah. Ku biyun kuna jin juna, ni kuma ban san abin da nake isarwa ba." Muka yi dariya ni da ita. Baba bai yi ba. Ya ce shekara da shekaru yana ganin yara ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa samun wanda zai zauna ya duba abin gaba ɗaya ba. In akwai masu dubawa, shi zai kai musu ko da ruwan sha ne.

Haka aka share ɗakin baya. Ni na haɗa kwamfutocin, na saka musu manhajar aikin. Baba ya raɗa musu sunayen garuruwan da ya yi aiki, don ya riƙa bambanta su: Itas, Gololo, Giade. Giade ce mafi tsufa, fankarta tana ƙara kamar keken ɗinki. Da hantsi zai zo da butarsa da carbinsa ya zauna. In bazara ta yi tsanani, sai ya jiƙa buhun algarara ya rataya a taga don iska ta yi sanyi. Yakan ɗora musu bayan hannu, in ya ji zafi ya yi yawa ya kashe ɗaya ta huta. In an ɗauke wuta, sai ya jira Baffa ya tada janareta. In babu masu shiga intanet Baffa ba ya tadawa, Baba kuma ba ya roƙo, sai ya zauna a cikin zafin yana lazimi har wuta ta dawo.

Ranar da maki na farko ya bayyana, ya sa Inna ta aiko mini da kaza.

Ba a yi shekara ba masu binciken suka sabunta manhajarsu. Sabon lissafin yana buƙatar ram mai yawa, wato abin da kwamfuta ke riƙe aiki da shi yayin da take yinsa. Duka ukun suka fara sarƙewa. Na gaya wa Inna, a gabansa, cewa akwai hanya: a cire ram ɗin ɗaya a ƙara wa biyu. Na ɗauka zai yi jinkiri, don na ga yadda yake ji da su. Ko kaɗan. Ya ce, "Wacce ce ba za ta kai ba ko an ƙara mata?" Na ce Giade. Ya ce, "A cire nata." Daga baya Inna ta ce mini ya sha tsayawa da ledar ƙarin ruwa ɗaya a gaban yara biyu, wannan ba komai ba ne a wurinsa. Amma bai yarda a fitar da Giade daga ɗakin ba. Ya lulluɓe ta da tsohon zane ya ajiye a lungu.

A majalisar ƙofar masallacin unguwa, abokansa sun saba tambayarsa, wasu da gaske wasu da zolaya, "Malam, ya aikin Turawa?" Shi kuma ya ce, "Yana tafiya. Jiya ma mun mayar da biyu." Yana faɗa da jin daɗi. Mu kuwa a gida, gaskiya, ba kowa ke jin daɗin ba. Yaya Babba, babban ɗansa, ma'aikaci ne a ƙaramar hukuma, kuma ya fi kowa jin nauyin abin. Ko sau ɗaya bai leƙa ɗakin ba.

Sai damina ta biyu ta zo, wuta ta lalace fiye da kullum. A daidai lokacin kuma ayyukan da ake aikowa suka ƙara tsawo. Kowane aiki yana da wa'adi. In ka wuce shi, sun riga sun ba wani ya yi, naka ba ya shiga. Baba ne ya fara lura cewa makinsa ya tsaya wuri ɗaya. Ya ɗauka jinkirin intanet ne, ya yi ta haƙuri, daga baya ya ce Inna ta ce in duba. Na duba. Tun farkon damina babu aiki ko ɗaya da ya isa a kan lokaci. Itas da Gololo suna ta yi, suna gamawa, suna mayarwa, amma a makare.

Maigidana ya ce, "Ki bar shi. Me zai rage shi da shi? Yana jin daɗinsa." Na ce ai shi ya ce a duba. Na je wurin Inna, ta saurare ni ta ce, "Wannan ba saƙon da zan iya ɗauka ba ne, ban san kalmominsa ba. Tashi mu je, ki faɗa da bakinki, ina nan a bakin ƙofa."

Bayan la'asar muka same shi a ɗakin baya. Na durƙusa. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba sai gaisuwa. Na ce, "Baba, na duba."

Ya lura ban ce Inna ba. Ya ce, "Ina ji, Malama."

Na gaya masa duka. Na ce laifin ba na kulawarsa ba ne, aikin ne ya yi wa injunan girma, wuta kuma ba ta tsayawa. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun farkon damina. Ya ce, "Wato duk wanda na ce mun mayar, bai shiga ba." Na ce bai shiga ba. Na ɗaga ido kaɗan, abin da ban taɓa yi ba, na ga ya cire hula ya riƙe a hannu yana kallon ƙasa. Dattijon da ake durƙusa wa a garuruwa uku, ga shi a gabana ya kasa ɗaga kai, kuma ni na kawo masa labarin aikin tun farko. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na shige. Ya miƙa hannu ya kashe Itas, ya kashe Gololo, ya ce, "Allah Ya yi miki albarka. Ku je gida."

Abin da ya biyo baya maigidana ne ya gani, shi ya ba ni labari. Washegari bayan sallar azahar, kafin mutane su watse, Baba ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce, "Jama'a, ku ɗan tsaya. Na sha gaya muku aikin nan yana tafiya. To, tun farkon damina abin da nake aikawa ba ya shiga, yana isa a makare. Ban sani ba, amma na faɗa muku ban duba ba. Wanda ya kai maganata gaba, ya kai wannan ma." Wasu suka ce ba komai, Malam. Wani daga baya ya yi dariya, aka ji shi. Maigidana ya ce shi dai takalmansa ya ɗauka ya sulale.

Da yamma Yaya Babba ya shigo gidan ransa a ɓace. Ina ɗakin Inna, muna jin su.

"Baba, wa ya tambaye ka? Wa ya sani in ba ka faɗa ba?"

"Su na gaya wa na farko, su zan gaya wa na biyu."

"Ka san abin da ake ce mini a ofis? Wai tsohon naku ya koma gadin ƙarafa. Yau kuma an ƙara da cewa ƙarafan ma ba sa aiki."

"Ba su yi ƙarya ba."

"Don Allah ka bar abin nan haka. Ka zauna a gida ka huta, kamar kowane dattijo."

Yaya Babba ya fita ko sallama bai yi wa Inna ba. Bayan nan Baba ya daina zuwa shago, ya daina zaman majalisa, daga masallaci sai ɗaki. Inna ta ce tuwon ma taɓawa kawai yake yi. Ni ma na ɗauke ƙafa daga gidan, don ban san da wace fuska zan gaishe shi ba.

Shi ya aiko a kira ni. Wannan karon bai bi ta kan Inna ba. Yana kallon bango ya ce, "Malama, in mutum zai ci gaba, da me zai ci gaba?"

Shawara ta yi yawa a lokacin. Baffa ya ce a tattaro tsofaffin kwamfutoci da yawa, ai yawa ma ƙarfi ne. Na ce ko goma ne, kowacce za ta makara ita kaɗai. Masu zuwa shagon suka ce yanzu kati ake yayi, wani kati da ake saka wa kwamfuta don wasannin bidiyo, wanda aka gano yana lissafi da saurin gaske, yana tara maki ninkin-ba-ninkin. Gaskiya ne, amma yana shan wuta, yana zafi, kuma aikin zazzaɓi ba ya amfani da shi a lokacin, sai dai a koma wani binciken. Yaya Babba ma, da ya ga mahaifinsa ba zai bari ba, ya aiko cewa zai sayo babba sabuwa fil a ajiye masa a falo, inda baƙi za su gani su san ba tarkace yake gadi ba.

Baba ya saurari duka. Game da katin ya ce, "Ni ba maki na zo tarawa ba, zazzaɓi ne ya kawo ni." Sai ya yi tambaya ɗaya: "Wacce ce za ta gama kafin wa'adi ko da an ɗauke wuta?" Na ce ta tafi-da-gidanka, mai batir a jikinta. Ba ta kai babbar sauri ba, amma ba ta mutuwa da an ɗauke wuta, kuma wutar da take sha kaɗan ce. Matsalarta zafi. Ya ce zafi ya san maganinsa. Ya aika wa Yaya Babba godiya, ya ce ba ya buƙatar ta falo. Maigidana ya sayo masa ta hannu a Kano. Baba ya ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi, ya mayar da buhunsa taga.

Makin ya fara motsi kuma, a hankali. Amma daga ranar, duk wanda ya tambaye shi ya aikin Turawa, sai ya ce, "Na makon jiya ya shiga. Na wannan makon ban sani ba tukuna."

Tsofaffin ukun ya ce a kai makarantarmu, yara su koyi buga rubutu. Ya sa aka mayar wa Giade ram ɗinta. Da kansa ya goge su da tsumma, ya hure ƙurar cikin fankokin. Ya ce, "Ki gaya wa shugabar makaranta tsofaffi ne, ba su da sauri. Kada ki ce mata masu kyau ne." Na gaya mata haka, ta yi dariya ta karɓa. 'Yan mata da yawa a kansu suka fara taɓa kwamfuta.

Bayan an watse daga zaman makoki, baƙin Katagum sun koma, sai maigidana ya ce Yaya Babba yana so in raka su shagon Baffa. Muka je da hantsi. Baffa ya buɗe ɗakin baya ya koma wurin masu shiga intanet. Yaya Babba ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran a yi masa izini, sannan ya shiga. Kwamfutar tana kan bulonta tana aiki, don Baffa bai kashe ta ba. Buhun taga ya bushe ƙayau.

Ya daɗe yana kallon allon. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Malama, wai me take yi ne, da gaske?"

Na yi masa bayanin garin da ake ƙirƙira, da sauro, da gidan sauro, da yaran da ake lissafin ko za su tsira. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce, "Wannan ɗin tana isa?" Na ce a bana tana isa, baɗi ban sani ba, don suna iya sake canza aikin. Ya gyaɗa kai. Ya ce in lokacin ya yi a gaya masa wacce ake buƙata, wacce ake buƙata ɗin, ba wacce shi yake so ba.

Na ɗauka an gama. Sai ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "A nan ɗin, ya taɓa cewa wani abu a kaina?"

Na dubi maigidana, ya yi mini alama in faɗa. Na ce sau ɗaya. Ranar da aka kawo wannan kwamfutar, Baffa ya fara mita a kan Yaya Babba, sai Baba ya tsayar da shi ya ce, "Kada ka ga laifinsa. Kunya na ba shi a gaban mutane, kuma na san nauyinta, ni ma ita nake ɗauke da ita. In ya huce zai zo ya gani."

Yaya Babba ya dafa bango. Ya ja hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna girgiza. Maigidana ya fita, ni ma na bi bayansa na jawo ƙofar a hankali, muka bar shi a ciki.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa. Abin da ya shiga da abin da ya makara, Allah Ya karɓa masa duka. Mu da ya bari, Allah Ya yafe mana. Amin.